Laifinta Ɗaya: Ba Likita Ba Ce

A ranar 28 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta sanar da cewa cutar korona ba ta yaɗuwa ta iska. Aka hori jama'a da wanke hannu, da goge tebura, da ba da tazarar mita ɗaya. Batun iskar da ake shaƙa a cikin ɗaki kuwa, aka mayar da shi saniyar ware.

Tun a lokacin akwai masanan da suka ga kuskuren, kuma Kimberly Prather na cikinsu. Laifinta ɗaya a idon masu faɗa a ji: ba likita ba ce, masaniyar sinadarai ce.

Sai a dubi tarihin karatunta. Ta kammala digirin farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1985, ta samu digirin digirgir a nan a 1990. Daga nan ta yi aikin bincike a Berkeley ƙarƙashin Yuan T. Lee, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986. Ta fara koyarwa a Riverside a 1992, inda ita da ɗalibanta suka ƙera na'urar da ke kama ƙananan ɓurɓushin da ke shawagi a iska ɗaya bayan ɗaya, ta auna girman kowanne, ta fasa shi da hasken lesa, ta karanta sinadaransa nan take. A 2001 ta koma San Diego. Tana cikin masu binciken da suka nuna a 2013 cewa ƙurar Sahara da ta Asiya kan ketare teku ta shafi ruwan sama da ƙanƙarar duwatsun Kalifoniya. Wadda ta bi sawun ƙura daga wata nahiya zuwa wata, tafiyar numfashi a cikin ɗaki ce za ta gagare ta?

Asalin saɓanin a kan adadi ɗaya ne. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa duk ɗigon da ya wuce maikiron 5 yakan faɗi ƙasa nan kusa. Masana iska kuwa sun san cewa iyakar tana wajen maikiron 100, kusan kaurin silin gashi. Abin da bai kai haka ba yana iya shawagi kamar hayaƙi, ya taru a ɗakin da ke rufe. Prather da abokan aikinta sun bayyana haɗarin a mujallar Science a watan Mayu, 2020. A watan Yuli masana 239 suka rattaba hannu kan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sai a ƙarshen Afrilu, 2021 hukumar ta gyara bayaninta, bayan an binne miliyoyin mutane.

Masu kare hukumar sukan ce hujja ba ta cika ba, kuma an ji tsoron firgita jama'a alhali takunkumin ma'aikatan asibiti ya yi ƙaranci. Wannan hanzari bai karɓu ba. Wace cikakkiyar hujja aka jira kafin a sa duniya goge tebura? Buɗe taga kuma ba ya cin ko sisi, talaka ma yana iya yi.

Gaskiyar magana, an auna magana da muƙamin mai faɗinta. Kwamitocin da suka yanke hukunci kan abin da ke yawo a iska ba su tanadi kujera ga waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna auna shi ba.

Tarin fuka da ƙyanda har yau ta iska suke kama mutane, a azuzuwa masu cunkoso da ɗakunan jiran asibiti. Duk hukumar lafiyar da za ta sake zama kan cutar numfashi ba tare da masanin iska a teburin ba, kada ta ce ba a gargaɗe ta ba.