Bobby Robson: maigidan da ya ɗauki tafinta da daraja

Masu sha'awar ƙwallo a Kamaru ba su manta da ranar 1 ga Yuli, 1990 ba. Suna gaba da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya, sai Ingila ta samu fanareti biyu, Lineker ya zura su, aka tashi 3 da 2. Kocin Ingila a ranar shi ne Bobby Robson. Amma a ganina, babban aikinsa yana wani wuri dabam.

Robson ɗan mai haƙar kwal ne, an haife shi a 1933. Ya yi wasa a Fulham da West Bromwich, ya buga wa Ingila sau 20. Da ya koma horarwa, Fulham ta kore shi a 1968, ko shekara bai cika ba. Sai ya kama Ipswich, ƙaramin kulob, ya yi shekara 13, ya ci kofin FA a 1978 da na UEFA a 1981, akasari da yaran da suka tashi a hannunsa.

Bayan 1990 ya ƙetare iyaka. Ya ci lig sau biyu da PSV a Holan, a 1992 kuma ya sauka Sporting ta Lisbon ba ya jin yaren ƙasar. Aka haɗa shi da wani matashi, José Mourinho, ya riƙa yi masa tafinta. Robson ya ga yaron yana da ido, sai ya fara tura shi leƙo wasan abokan karawa yana rubuto rahoto. Ya tafi da shi Porto, ya tafi da shi Barcelona a 1996. A 2004 tafintan nan ya ci kofin zakarun Turai da Porto.

'Yan kasuwa, wannan magana tamu ce. Da yawa a cikinmu muna da yaron da ke yi mana Faransanci ko Turanci a gaban kwastan, shekara goma bai san inda ake saro kaya ba, balle a yi maganar jari. Uzurinmu ɗaya ne: in ya iya, zai kwashe mana masu saye.

Gaskiya ne, kofunan Mourinho sun fi na maigidansa yawa. To me ya ragu a jikin Robson? Ya rasu a 2009 da mutuncinsa, kuma duk mai ba da tarihin Mourinho da sunansa yake farawa. Alheri danƙo ne. Maigida, ka nuna wa yaronka hanya tun kana da ƙarfin nuna masa.