Bindiga A Cikin Kuɗin Cefane: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

'Yan uwa, ƙasar da ake ta yi mana tallarta a matsayin uwar ci gaba, wato Amurka, ta kai matsayin da magidanci zai zauna da biro da takarda yana raba albashinsa tsakanin kuɗin haya, kuɗin magani da kuɗin harsashi. Wai wannan shi ne 'yanci!

Ƙiyasin shekarar 2017 ya nuna akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a can, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Duk da haka a 2020, da annobar korona da tarzoma suka firgita su, sai suka sake yin dafifi a shaguna har harsashi ya yi ƙaranci, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Ba su gama farfaɗowa ba, a watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, irin wadda rabonsu da ita shekara 40.

To, ita bindiga ba a saye ta a huta. Bayan kuɗinta akwai harsashin koyon harbi, akwai akwatin ƙarfe na kulle ta, akwai kuɗin horo da na lasisi a jihohin da ke buƙata. Gwamnatin tarayya na karɓar harajin kashi 10 a kan ƙananan bindigogi, kashi 11 a kan dogaye da harsashi, jihar Kalifoniya kuma ta ɗora nata kashi 11 a 2024. A kan wa duk wannan ke ƙarewa? Kuma idan aljihu ya yi zafi, me mai ƙaramin ƙarfi zai fara yankewa in ba akwati da horo ba, alhali su ne ke raba yaransa da bakin bindigar?

Ga sakamakon. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Abin da aka sayo don ɓarawo ya ƙare a kan mai gida. A shekarar kuɗinsa ta 2021 ɗin kuwa, cinikin kamfanin Smith & Wesson ya haura dala biliyan ɗaya. 'Yan jari hujja sun gane babu hajar da ta kai tsoro kasuwa.

Kada wani ya ce wannan can ta matse musu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, har da alƙawarin fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Manomin da 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa, suka karɓe shanunsa a kuɗin fansa, shi ne kuma zai sayi tsaron da ake ware wa biliyoyi a kasafin kuɗi kowace shekara? Ina kuɗin suka shiga?

Ba mu raina halin da mutanen ƙauyukanmu ke ciki ba, kare rai da mutunci hakki ne. Amma saurayin da ke sha'awar ƙarfe don burga ya san cewa ciyar da iyali wajibi ne a kansa, haka biyan bashi da karatun ƙannensa, kuma bindigar da ba ta da lasisi gidan yari take kai mai ita. Kuɗin guminka su tafi inda Allah zai tambaye ka. Tsaro kuwa bashi ne a wuyan masu mulki, mu bi su bashinmu da babbar murya, kada mu bari su mayar da shi cikin kuɗin cefanenmu.

Allah Ya sa mu gane.