Zauren Iyali: Idan Al'ada Ta Ɗauke Kafin Shekara 40

A gidajenmu na Logbaba da New Bell, idan jinin al'ada ya ɗauke wa matashiya, sai mu ce ciki ne ya kwanta, ko sammu aka yi mata. Shekaru su shuɗe ana jiƙe-jiƙe, gorin dangin miji kuwa ba ya ƙarewa.

Likitoci sun san wannan larura. Ma'ajiyar ƙwai ce ke raunana kafin shekara 40, kuma tana samun aƙalla mace 1 cikin 100. Alamominta sun haɗa da zafin jiki farat ɗaya, gumin dare da rashin barci. Wadda ta yi wata 4 babu al'ada, ba ciki ba shayarwa, ta je asibitin Logbaba ko Laquintinie a yi mata gwajin jini na FSH. Maganin da ke maye sinadarin da ta rasa yana kare ƙashi da zuciya, ana sha har wajen shekara 50. Kaɗan daga cikinsu ma sukan haihu.

Magidanta, mu raka matanmu asibiti. Larura ba laifi ba ce, balle ta zama dalilin saki. Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, darajarta kuma ba ta ragu ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.