Wa Ya Tambayi Iyayen Yara?

Akwai wata magana da ta yi yawo a bakin 'yan boko a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle makarantun ƙasar nan. Wai iyayen yara ba su san abin da suke so ba, an rufe makaranta sun yi kuka, an ce za a buɗe sun sake yin kuka. Har yanzu in hira ta biyo ta kan wancan lokaci sai ka ji wasu daga cikinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, suna maimaita ta suna dariya. Ni a ganina wannan dariya ba ta bisa hanya. Tun da yake mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya, ya kamata mu dubi al'amarin da idon basira yanzu da ƙura ta lafa.

Bari mu tuna yadda abin ya gudana. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Ikko, kuma kafin ƙarshen Maris an sallami yara daga firamare har jami'a. Ban ga laifin hukuma a wannan mataki ba, domin a lokacin duniya duka lalube take cikin duhu. Cikin Afrilu aka yi ta binne dattawa a Kano fiye da yadda aka saba, daga baya Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya nuna rabi ko fiye na waɗannan mace-mace suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Wanda ya yi ta zaryar maƙabarta a watan nan ba ya bukatar a karanta masa lacca a kan haɗarin cutar.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne watan Yuli. Ran 6 ga wata Ƙaramin Ministan Ilmi ya ba da sanarwa cewa za a fara jarrabawar WAEC ran 4 ga Agusta. Kwana biyu kacal bayan haka, babban Ministan, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su shiga jarrabawar ba, gara yara su yi asarar shekara guda da a jefa su cikin haɗari. Kafin wata ya ƙare sai aka juya kuma, aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma ran 4 ga Agusta, a fara jarrabawa ran 17. To, mai karatu, sa kanka a matsayin uban da ke sauraron rediyo a ƙofar gidansa a Gumel ko Funtuwa. Ma'aikata ɗaya, magana uku, cikin mako uku. Wacce zai kama? Idan ya yi ɗari-ɗari da sakin ɗiyarsa, shi ne marar alƙibla, ko kuwa masu sanarwar?

Sa'an nan ga sharuɗɗan da aka gindaya na buɗe makarantu: a ba da tazarar mita 2 tsakanin yara, a tanadi ruwa da sabulu don wanke hannu, kowa ya sa takunkumi, a riƙa auna zafin jiki a ƙofar shiga. A takarda babu abin kushewa. Amma uban yaro ya san makarantar ɗansa fiye da wanda ya rubuta takardar. Ɗakin aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, in har za a bi wannan tazara, da ƙyar ya ɗauki yara 20, ko da malami bai sami wurin tsayawa ba. Alhali kuwa a firamaren gwamnati ta cikin birni ba abin mamaki ba ne a tarar da yara 100 a ɗaki guda, gwiwa na gugar gwiwa a kan daɓe. Zancen wanke hannu kuma, wane ruwa? Makarantar da yara ke fita maƙwabta roƙon ruwan sha lokacin tara, ita ce za ta tanadi na wanke hannu sau biyar a yini? Iyaye sun san famfon ya daɗe da ƙafewa, sun san halin da makewayi yake ciki, sun san a ɗakin kwanan makarantar kwana gado yana manne da gado. Wannan sani shi ne tushen fargabarsu, kuma sani ne na gani da ido.

Wani zai ce ai yanzu an tabbatar cutar ba ta cika kayar da yara ba, yawancinsu mura-mura suke yi su warke. Haka ne. Sai dai yaron Bahaushe ba shi kaɗai yake kwana a ɗaki ba. In ya taso daga makaranta, cikin gida zai shiga inda kaka take, da kawu mai ciwon sukari, da gwaggo mai hawan jini, a ci a kwano ɗaya. Uwar da ta yi jinkirin ɗaura wa ɗanta jaka tana tunanin tsohuwar da ke ɗakin tsakar gida ne. Ga kuma tsoron killacewa. A watan Oktoba 2020, a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Lekki ta Jihar Ikko, an gwada aka sami mutum 181, ɗalibai da ma'aikata, ɗauke da cutar, hukuma ta ce a tsare su cikin makarantar kada su kai ta gida. Ta fuskar likitanci hukuncin daidai ne. Amma a tambayi kowace uwa abin da ake ji in an ce ɗanki ba shi da lafiya, yana bayan katanga, ba ki da ikon shiga. In makarantar masu hali ke nan, wadda ke da ɗakin shan magani da motar kai yaro asibiti, ina ga wadda ba ta da ko majinyaci ɗaya?

Kukan zaman gida kuwa shi ma da hujjarsa. An ce a yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet, kuma jihohi irin su Kano da Kaduna sun yi ƙoƙari wajen darussan rediyo, a yaba musu. Amma ɗan mai kuɗi yana gaban kwamfuta da malami na musamman, ɗan talaka yana gona ko bakin tasha da farantin talla. Wata shida yaro bai riƙe fensir ba, abin da ya koya zubewa yake. Mafi ciwo shi ne 'yan mata. Yarinyar da ta kai aji huɗu na sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, in ta zauna gida rabin shekara babu ranar komawa, maganar aure ce za ta taso, kuma uban da ya yi ta kare ta daga surutun dangi ya rasa abin faɗi. Mu kanmu 'yan jami'a mun ɗanɗana, don yajin aikin malamai ya haɗu da annobar tun daga Maris har Disamba, shekara ta tafi a banza. Maƙwabtanmu na Nijar sun mai da yaransu aji tun farkon Yuni, mu sai Oktoba akasarin makarantu suka buɗe, Uganda kuwa sai Janairun 2022. Kowace ƙasa da lissafinta, ban ce wani ya fi wani gaskiya ba.

Akwai iyayen da ko sunansu ba a ambata ba a duk wannan muhawara, wato iyayen almajirai. Gwamnonin Arewa sun yanke shawarar mai da yaran jihohinsu na asali, aka yi ta loda su a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, aka killace su a sansani, aka sami da dama ɗauke da cutar bayan tafiyar. Yaro ɗan shekara 8 yana tsare a wurin da bai sani ba, uwarsa a ƙauye ba ta san ko a wace jiha yake ba.

Kamar wannan bai isa ba, ran 11 ga Disamba 2020, makonni kaɗan da buɗe makarantu, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Kagara da Jangebe suka biyo baya a Fabrairun 2021. Uban da aka lallasa ya mai da ɗansa makarantar kwana ya wayi gari gaba kura baya sayaki.

Abin takaici, ba wannan ne karo na farko ba. A 2014, lokacin cutar Ebola, an ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, aka sake dawo da ranar 22 ga Satumba, ƙungiyar malamai ta NUT ta tirje tana neman ruwa da na'urar auna zafin jiki. Shekara shida bayan haka aka sake neman ruwan nan, ba a same shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sau biyu muna fafewa a bakin hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayun 2023, amma sanƙarau da kwalara da mashaƙo suna nan, kuma makarantar kwana ce wurin da suka fi samun sauƙin yaɗuwa. Don haka abin da nake nema ga duk wanda a cikinmu fayil irin wannan zai faɗo teburinsa ba mai tsada ba ne. Kafin a sa ranar rufewa ko buɗewa, a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta, a bar su su zaga su ga rijiya da makewayi da ɗakin kwana da idonsu. Sanarwa ta fito daga baki ɗaya, cikin harshen da mutane ke ji, tare da dalilinta. A kuma rubuta tun yanzu, a manna a ofishin kowane shugaban makaranta, wanda alhakin sanar da uba ke wuyansa in an killace ɗansa, da cikin awa nawa zai sanar, da wanda zai ciyar da yaron ya ba shi magani har a sake shi.