Ya Dace Mai Zane Ya Sayar da Hoton Ɗansa?

Ya kai mai karatu, ka taɓa samun kanka a tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki? Haka ta faru ga wani abokin aikina, malamin zane a makarantar da nake koyarwa. Ya zana hoton 'yarsa mai shekara tara, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake. Wata uku ya yi yana aikin. Da ya kai hoton wurin baje kolin zane-zane, sai wani attajiri ya taya shi da kuɗin da ya fi albashinsa na wata shida. A lokacin mai gida yana binsa kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara ya gabato. Ya zo ya same ni ya ce, "Malam, in na sayar, kamar na sayar da 'yata. In na ƙi, da me zan biya mata kuɗin makaranta?"

Ra'ayina shi ne ya dace mai zane ya sayar da irin wannan hoto, amma da sharuɗɗa. Bari in gaya maka dalili.

Da farko, zane sana'a ce kamar ɗinki da ƙira da saƙa. Babu wanda yake zargin tela don ya sayar da rigar da ya fi ƙawatawa. Mai zane ma yana sayen fenti da buroshi, yana ɓatar da lokacinsa, yana kuma da iyalin da zai ciyar. Idan ya ajiye duk aikin da yake ƙauna, to, mafi kyawun ayyukansa ba za su fita daga ɗakinsa ba.

Amma hoton ɗa ya bambanta da hoton kasuwa ko na kogi. Kogi yana nan gobe, ana iya komawa a sake zana shi. Yaro kuwa girma yake yi. Yarinyar da take tsintar wake bana, baɗi ta zama wata. Saboda haka abin da mai saye zai ɗauka ya tafi da shi ya wuce fenti, ya haɗa da wata rana ta rayuwar gidan wadda ba za ta dawo ba. Ban da haka, hannun da ya yi zanen na uba ne, amma fuskar ta yarinya ce. A darasin al'adun Hausawa ka karanta cewa iyaye da yawa ba sa faɗin sunan ɗansu na fari, saboda kunya. Wannan kunya ba rashin ƙauna ba ce. Tana nuna cewa abin da ya fi soyuwa ga mutum ba a baza shi a gaban kowa. Irin wannan nauyi ne ya kama abokina, ko da yake shi ba Bahaushe ba ne.

Wani zai ce, "To, ai sai ya riƙe abinsa." Mu duba tarihi. Pablo Picasso, mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen da ya zauna a Faransa, ya zana ɗansa Paulo a 1924, sanye da tufafin 'yan wasa, yana ɗan shekara uku. Ya riƙe hoton har ya rasu a 1973, kuma yau yana gidan adana ayyukansa a birnin Faris. Sai dai Picasso mai dukiya ne, babu mai gidan haya da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ka kwatanta shi da Rembrandt na ƙasar Holan. Cikin 'ya'ya huɗu da matarsa Saskia ta haifa masa, Titus ne kaɗai ya rayu, ita kuma ta rasu a 1642. Rembrandt ya zana yaron sau da yawa. A wani hoto na 1655, Titus yana zaune a gaban tebur da alƙalami a hannu, ya yi zurfi cikin tunani. Shekara ɗaya bayan haka bashi ya ci ƙarfin uban, aka yi gwanjon kayansa, gidansa ma ya salwanta. Titus ya rasu a 1668, uban ya bi shi a 1669. Yau hotunan yaron sun watsu a biranen Turai, irin su Rotadam da Amsterdam da Landan. Wannan ya nuna mana cewa riƙe hoto abu ne mai sauƙi ga mai wadata, amma babu ta fi ƙarfin buri. Bai kamata mu zargi mai zanen da buƙata ta matsa wa ba.

Kuma ko an riƙe, babu tabbas. A nan Nijeriya, Ben Enwonwu ya zana hotuna uku na wata gimbiyar Ile-Ife, waɗanda aka sani da suna Tutu, tsakanin 1973 da 1974. Ba 'yarsa ba ce, amma ya ƙaunaci aikin har ya ajiye ɗaya a wurinsa. An sace wannan hoto kafin rasuwarsa a 1994. Wani daga cikin ukun kuwa, wanda ya fita daga hannunsa tun da daɗewa, an gano shi a wani gida a Landan a 2017, aka sayar da shi a 2018 a kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Wanda aka ɓoye ya ɓata, wanda ya fita duniya ya tsira. Amma labarin yana da gargaɗi na biyu: da zarar hoto ya bar hannunka, ba ka da iko a kan inda zai je ko wanda zai ci ribarsa.

Don haka nake ganin sharuɗɗa uku sun zama dole. Na farko, a nemi yardar yaron da ta mahaifiyarsa, a kuma karɓi "a'a" idan ya faɗa. Idan bai kai shekarun fahimta ba, a jira. Na biyu, hoton ya zama wanda ba zai ba shi kunya ba idan ya girma. Na uku, kuɗin ya amfane shi, domin shi ma ya yi aiki: ya zauna shiru, ya ba da fuskarsa. Idan waɗannan sun cika, ba ɗa aka sayar ba, aikin hannu aka sayar don amfanin ɗa.

Abokina ya tambayi 'yarsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ka sayar, amma ka bar mini ƙaramin nan da ka fara yi da fensir." Ya sayar, ya biya haya da kuɗin makaranta. Ban ce zuciyarsa ta huta gaba ɗaya ba, domin har yau ƙusar da hoton ya rataya a kai tana nan a bango, bai sa mata wani ba. Ina ganin ya yi daidai, kuma kewar da yake ji ba alamar kuskure ba ce.

Kai kuma fa? Wataƙila ba ka zane, amma kana ɗaukar hoton ƙannenka da waya, ka ɗora a intanet ba tare da ka tambaye su ba. Kafin ka sake yin haka, ka tambayi kanka: fuskar wa ce wannan, kuma mai ita ya yarda?