Shekarar 1492 da Haƙƙin Wanda Ya Miƙa Wuya

Duk wanda ya duba jerin abubuwan da suka faru a shekarar 1492, wadda mafi yawanta ya faɗo cikin 897 bayan Hijira, zai tarar da su a jere kamar kayan koli, kowanne da layinsa guda. Ranar 2 ga Janairu Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan Garnada ga Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. A Afrilu Lorenzo de Medici, attajirin da ke juya birnin Fulorans, ya mutu, kuma a watan aka haifi Margarit, wadda ta zama sarauniyar Nabara. A Yuli Fafaroma ya mutu, a Agusta aka zaɓi Rodrigo Borgia ya gaje shi. Ranar 12 ga Oktoba jiragen Kolumbus uku suka isa wani tsibiri a yankin Bahamas. A Nuwamba mawaƙin Farisanci Abdurrahman Jami ya rasu a Hirat, Sonni Ali na Songhai kuma ya mutu a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi. Jerin yana da amfani, sai dai yana koya wa mai karatu auna shekara da mudun masu nasara: wa ya ci gari, wa ya hau gado, wa ya riga kowa isa. A ganina mudun da ya dace da 1492 shi ne abin da aka yi wa waɗanda suka ajiye makami, da waɗanda tun farko ba su da makamin ɗauka.

Garnada ba da takobi aka shige ta ba. Bayan yaƙin shekara goma, an rattaba hannu kan yarjejeniya a Nuwamban 1491, mai sharuɗɗa sama da sittin, wadda ta tabbatar wa Musulmin birnin masallatansu da dukiyarsu da alƙalansu, ta kuma hana a tilasta wa kowa barin addininsa. Da wannan alkawari aka buɗe ƙofa. Babban limamin coci na farko da aka naɗa a birnin, Hernando de Talavera, ya bi hanyar lallashi, har yana sa limamansa koyon Larabci. Amma a 1499 wani babban limamin coci mai suna Cisneros ya iso da gaggawarsa, aka shiga yi wa mutane baftisma garke-garke, aka tara littattafan Larabci a dandali aka cinna musu wuta. Unguwar Albaisin ta yi bore, ƙauyukan duwatsun Alfujara suka bi sahu, masarauta kuma ta ce boren ya rushe yarjejeniyar. A 1502 doka ta fito a duk faɗin masarautar Kastila ta Sifaniya: ko baftisma ko barin ƙasa. Jaririn da aka raɗa wa suna a Garnada a 1492 bai wuce shekara goma ba lokacin da aka haramta masa sallar da aka haife shi a cikinta, kuma ba za ka ga sunansa a jerin haihuwar shekarar ba. Jikokin irinsa, duk da baftismar, an kwashe kimanin dubu 300 daga cikinsu an fitar da su daga Sifaniya tsakanin 1609 da 1614.

Yahudawa ma ba a ba su ko wannan ɗan jinkirin ba. Ranar 31 ga Maris, ƙasa da wata uku da shiga Garnada, aka sa hannu kan dokar da ta ba su zuwa ƙarshen Yuli su karɓi Kiristanci ko su fice. Dubun-dubata suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka nufi Fotugal da Maroko da Italiya da ƙasashen Usmaniyya. A makon da wa'adinsu ya cika Kolumbus ya tashi daga tashar Palos. Mutanen da ya tarar a tsibiran sun tarbe shi da kyauta, shi kuwa tun ranar farko ya rubuta cewa za su yi daɗin bauta, kuma a 1495 ya loda kimanin ɗari biyar a jirage aka kai su Sifaniya don sayarwa.

Za a ce ai zamanin ne haka, kuma zalunci ne a hukunta mutanen da da ma'aunin yau. Da wannan magana ta yi ƙarfi in da a zamanin babu wanda ya ga laifin abin. To amma Talavera ɗan zamanin ne, ɗan cocin ne. Sarkin Usmaniyya Bayazid na 2, wanda ya buɗe wa korarrun Yahudawa garuruwansa irin su Salonika da Istanbul, shi ma ɗan zamanin ne. A Disambar 1511 wani limami mai suna Montesinos ya tsaya a Santo Domingo ya tambayi 'yan ƙasarsa da wane haƙƙi suke bautar da mutanen tsibirin. Cika alkawari kuwa ba a ƙarni na 20 aka ƙirƙiro shi ba. Waɗanda suka rubuta sharuɗɗan Garnada da hannunsu sun san nauyinsu, shi ya sa suka nemi hujjar bore kafin su yaga takardar. Hujjar ma ba ta tsayawa, domin wanda ya fara taka sharaɗi ba shi da bakin kafa hujja da ihun wanda ya taka.

Wasu kuma za su nuna gonakinmu. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar da Kolumbus ya faɗa wa suka fito, kuma dalar gyaɗar Kano da ba ta yiwu ba in ba don wannan haɗuwa ba. Gaskiya ne. Amma iri yana tafiya ta hanyar fatauci ba tare da an sa wa kowa sarƙa ba, kamar yadda goro ya daɗe yana zuwa mana daga Gwanja. Alherin da ya biyo baya bai biya diyyar waɗanda suka ƙare a ramukan zinariya ba.

Akwai kuma gyara da ya shafe mu. Idan aka ambaci faɗuwar Andalus, wadda ta ƙare da Garnada, a majalisunmu, darasin da aka saba cirowa shi ne na rarrabuwar kai: Abu Abdullahi ya yaƙi mahaifinsa, ya yaƙi baffansa, bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Darasin gaskiya ne, amma na ƙarfi ne kawai, yana nuna yadda za a kauce wa shan kaye, bai ce komai ba a kan yadda za a yi da wanda aka kayar. Kuma a wajajen 1492 ɗin ne, a Tuwat da ke cikin Sahara, Shehu Muhammadu al-Maghili ya yi fatawar a rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, aka rushe ta, aka kashe wasu, saura suka watse. Wannan shi ne malamin da ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan adalcin mulki, kuma girman iliminsa ba abin musu ba ne. Amma alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, yana ganin mutanen suna cikin amanar Musulmi, ba a taɓa wurin ibadarsu. Wanda ya la'anci Cisneros ya kuma yi shiru a kan Tamantit, mudu biyu yake awo da su. Sonni Ali ma, da ya mutu a 1492, duk da ya ci Tambutu da Jenne, abin da marubutan Tambutu suka fi riƙe masa shi ne yadda ya wulaƙanta malamai har da yawansu suka gudu Walata.

Saboda haka ina kira ga malaman tarihi a makarantunmu, da masu wa'azin da ke sa jama'a hawaye da labarin Andalus: ku karanta wa ɗalibai sharuɗɗan Garnada ɗaya bayan ɗaya, ku gaya musu shekarar da aka karya su. Ranar da kuka kawo sunan Fadinan da Isabela da Kolumbus, ku kawo na Talavera da Montesinos da alƙali al-Asnuni a darasi guda.