Kunnen da Ka Ce Ba Ya Ji

Malam, ka rubuta cewa haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya a ƙauyukan Gaya da Ajingi ba matsala ba ce, wai yaro abin da ya kasa wa kunne kaɗai yake ji. Haba Malam! A 1959 mai bincike Neville Moray ya saka wa mutane magana daban a kowane kunne, ya ce su share ɗaya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku suka tsinci sunansu a kunnen da suka share. A 1961 wata mai bincike, Doreen Kimura, ta nuna kalmar da ta shiga ta kunnen dama ta fi samun hanya zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda sarrafa magana yake ga yawancin mutane. Don haka idan yarinya na haɗa baƙi, malamin wancan ajin na rera lissafi ta damanta, aiki biyu ƙwaƙwalwarta take yi. A gina mata ajinta.